Bututun da Zanzaro Bai Toshe Ba

Ranar Talata da hantsi, Saude mai tuwo ta jawo guga daga rijiyar gidanta a Ƙauran Namoda, sai ta ga wani maiƙo yana yawo a saman ruwan. Ta sunsuna. Fetur ne. Gidaje tara ke shan rijiyar nan, kuma kwana huɗu ke nan yara suna amai ba a san dalili ba.

Kafin azahar unguwa ta yanke hukunci. Cletus makanike, wanda ya yi shekara ashirin yana gyaran mota kusa da gidan, shi ne mai laifi. Mai unguwa ya ba shi kwana uku ya kwashe garejinsa. Haka mutane suke: in sun tsorata, sai su kama wanda ya fi sauƙin kamawa.

Sajan Terna, ɗan sandan da aka turo, bai yarda da gaggawar ba. Ya aika aka kira wani tsoho mai suna Maigari, wanda ya haƙa rijiyar da hannunsa. Maigari bai yi boko ba, amma daga Zurmi har Shinkafi babu wanda ya fi shi sanin abin da ke ƙarƙashin ƙasa.

Ya ɗaura igiya ya sauka. Da ya fito idanunsa sun yi ja saboda wari.

"Idon ruwan wagga rijiya daga gabas yake," ya ce. "Nan ƙasa ta gangara ne zuwa kogin Gagare. Cletus, ina kake zubar da manka?"

"A durom, Baba. Masu katako ke saye."

"Ko da a ƙasa kake zubarwa, kai kana yamma, ƙasa da rijiya. Ruwa bai hawan tudu. Kuma naka baƙin mai ne, wanga ko fetur ne."

A gabas da gidan akwai tsohon gidan mai da aka rufe shekara goma sha ɗaya. Yanzu wani mai suna Umar ke buga bulo a filin. Maigari ya haƙa ramuka huɗu a jere, daga katangar Saude zuwa tsakiyar filin. Kowane rami ya ɗebi ƙasarsa ya zuba a kwalba, ya ƙara ruwa, ya girgiza. Maiƙon yana ƙaruwa daga rami zuwa rami. A na huɗu ya tsoma tsumma, ya ja gefe ya ƙyasta ashana. Nan take ya kama.

Suka tafi wajen mai filin, Alhaji Namadi, tsoho da ke fama da ƙafa.

"Alhaji, tankunanku nawa a ƙasa?" in ji Sajan.

"Ukku. Sa'ad da muka rufe na sa an zuƙe su tas, an cika su da yashi. Na ukkun ma ya fara yoyo tun lokacin."

"Kun gani da idonku an cika?"

"Ina Makka, ɗana. Yarana suka yi."

A hanya Sajan ya ce wataƙila ragowar tsohon mai ne ya tsiyayo. Maigari ya girgiza kai.

"Man da ya shekara goma a ƙasa ya yi duhu, warinsa ya koma na tsohon fenti, kuma bai kamawa haka. Wanga bai fi wata biyu da fitowa daga famfo ba."

Da suka koma filin, Maigari bai kalli ƙasa ba, sama ya kalla. A jikin katangar baya akwai dogayen bututu uku na ƙarfe, waɗanda tankuna ke fitar da iska ta cikinsu. Ya aro tsani ya hau. Biyu zanzaro ya toshe bakinsu da laka. Na uku a share yake, har da sawun waya inda aka zungure shi.

Ya sauko ya nufi rumfar Umar.

"Sannu da aiki, Malam Umaru. Ɗan tsam min ruwa in wanke hannu."

Umar ya miƙo ledar ruwa.

"A'a, ruwan leda? Da can ai a rijiyar Saude kake cika butarka."

"Ai ta ɓaci, Baba."

Saude na tsaye a bayansu. "Mi kac ce? Ranar Talata muka gane ta ɓaci. Kai ko sati ukku ke nan rabonka da guga na. Har na ɗauka wani laifi na yi maka."

"Wane aiki ka yi kafin bulo?" in ji Sajan.

Cletus, wanda ya biyo su, shi ya amsa: "Shi ke ba da mai a nan kafin a rufe. Shekara shida ina saye a hannunsa."

Sajan ya sa aka kwashe bulon da aka jibge a ƙarshen rumfar. Ƙarƙashinsu murfin tanki ne da sabon kwaɗo, da sandar awo a gefe, jiƙe da fetur.

A gaban mai unguwa da jama'a Maigari ya yi bayani. Tanki ba ya karɓar mai in bututunsa a toshe yake, domin iskar ciki ba ta da mafita. Wanda ya yi aikin gidan mai ne kaɗai ya san haka. Umar ne aka sa ya cika tankuna da yashi, ya cika biyu ya bar ɗaya. Da fetur ya yi tsada, ya riƙa shigo da shi a duromomi kamar ruwan kwaɓa siminti, yana ɓoyewa don masu tsallakawa da shi iyaka. Sandar awo ta nuna masa man yana raguwa, ya san inda yake tafiya, sai ya daina shan rijiyar.

"Satar hanya laifinsa ne da hukuma," in ji Maigari. "Amma ya ga 'ya'yan maƙwabta suna ɗibar ruwan nan sati ukku bai buɗe baki ba. Wannan tsakaninsa da Allah."

Umar bai musa ba. Aka tafi da shi.

Ma'aikatan muhalli sun zo daga Gusau bayan kwana goma da na'urorinsu. Suka auna, suka rubuta abin da Maigari ya riga ya faɗa. Suka sa aka tono tankin, aka kwashe ƙasar tifa goma sha huɗu. Rijiyar kuwa aka rufe ta, domin ruwan da fetur ya shiga ba ya gyaruwa da yasa. Wannan gari yana da mutanen da suka san aikinsu, kuma ba kunya ba ce a faɗa.

Mai unguwa ya taka da ƙafarsa har gareji, ya tsaya a gaban mutane.

"Cletus, mun zalunce ka. Ka yafe muna."

Cletus ya goge hannu da tsumma. Sannan ya juya wajen Maigari.

"Baba, in za a haƙa sabuwa, akwai wuri mai tsabta?"

"Arewa da masallaci. Gaba goma sha biyu za a sami ruwa."

"To, gobe da safe zan kawo diga biyu. Ku nuna min inda zan fara."