Hoton Ƙofar Malam Hamani

Ranar da Yahuza ya fara ganin Juwairiyya, kyamara ce rataye a wuyansa, ita kuma bokitin ƙullu a kanta. A Agege ta Legas ne, farkon shekarar 2002, lokacin da ko tayar motar haya ta danfo ce ta fashe sai masu shago sun ja ƙofa. An yi rikicin ƙabilanci a unguwar Mushin, kullum da labarin gidan da aka ƙone.

Yahuza yana yi wa wata ƙungiyar rance aiki. A ɗauki hotonka da sana'arka a sa a intanet, mutanen wata ƙasa su gani, su haɗa maka ɗan jari. Juwairiyya ƙosai take soyawa a ƙofar gidansu, burinta injin markaɗe nata na kanta.

"Ki ɗan yi murmushi mana," in ji shi.

"Masu rancen ne ke son ganin haƙorana, ko kai?"

"Ni ai na riga na gani."

Daga nan ƙafarsa ta saba da layin. Ba ta da waya, sai ya riƙa tura saƙo wajen Florence mai laimar waya a bakin titi:

"Juwaina, wata tsohuwa a Kanada ta sa hannu a injinki. Amma ki sani na riga ta ganinki. Ki ajiye min mai zafi."

To, akwai Baballe ɗan okada, wanda ya nemi aurenta aka ce masa a'a. Shi ya je shagon intanet ya sa aka buga masa hoton a takarda, ya kai wa mahaifinta, Malam Hamani, mutumin Nijar mai gadin sito a Ilupeju. Tsohon bai dubi fuskar 'yarsa ba. Bayanta ya duba: ga ƙofarsa, ga lambar gida, ga Bismillah da ya rubuta da fenti a sama.

"Sayar wa masu ƙone gidaje yake yi, Baba," in ji Baballe. "Da haka suke gane gidajenmu."

Kafin la'asar magana ta cika unguwa. Matasa suka tare Yahuza a bakin masallaci, wasu da gora a hannu. Malam Hamani ya ratsa su ya tsaya gabansa.

"Kai yaro, mi na yi maka? Ina ɓoye iyalina, kai kana nuna ma duniya ƙofata?"

"Wallahi Baba injin kawai nake nema mata. Ban lura da ƙofar ba. Yau zan sa a cire."

"Wanda ya gani kuma, za ka cire mashi ido?"

Yahuza ya ce, "In hoton ya kawo wani, ni zai fara tararwa."

Ya ɗauko tabarmarsa ya shimfiɗa a ƙofar, ya tare. Hayaƙi na tashi ta wajen Mushin, maƙwabta na loda kaya a mota suna yin Arewa. Baballe ma da shi aka tafi. Duk baƙuwar fuskar da ta shigo layin, sai Yahuza ya bi ta da ido, amma bai tashi ba. Juwairiyya ta miƙo masa ƙosai ta bayan ƙyaure.

"Masoyi, ka tafi. In suka zo fa?"

"Sai su same ni na ƙoshi."

Ta yi dariya, hawaye na zuba.

Wata safiya Malam Hamani ya dawo daga aiki, ya tsaya ya daɗe yana kallonsa.

"Kai ba ka iya gadi ba. Wa ya ce maka ana ba hanya baya? Juya. Jingina da bango."

Yahuza ya juya.

"Kuma namiji ba ya tarewa a ƙofar budurwa haka nan, ana magana. Ka turo manyanka."

An ɗaura aure bayan sallar Juma'a, ba kiɗa, domin gari bai gama lafawa ba. Injin ya iso a satin. Da aka tayar da shi, duk layin sai da aka leƙo a firgice, sannan mata suka fito da bokitai.

Malam Hamani ya dafa kan su biyun ya ce, "Allah shi yi maku albarka, shi tsare ƙofarku." Sannan ya dubi ango. "Hoton biki kuma, a cikin ɗaki za a ɗauka."