Zauren da Ba a Saka a Rediyo Ba

Dare ya raba, wani mai gyaran rediyo yana shagonsa shi kaɗai, warin dalma ya cika ɗakin. A hannunsa rediyon hira ce ta zamani, irin wadda kowane zauren hira ke da lambarsa. Zaurukan da aka saka mata duk sun yi tsit, sai ya danna wata lamba da hannu, wadda bai taɓa shiga ba.

"Akwai mai ji na?" Ya saki maɓallin magana, ya kasa kunne.

"Sannu da aiki, ɗan'uwa," in ji wata murya mai sanyi, kamar daga cikin rijiya. "Rufe tagar nan mana."

Tsigar jikinsa ta tashi, don kuwa tagar a buɗe take. Ya matse maɓallin.

"Bawan Allah, daga ina kake magana?"

"Nan kusa."

Sai ya dubi hannunsa. Babban yatsansa na kan maɓallin, jar fitilar rediyon na ci. Kowane mai rediyo ya sani, muddin kana danne da maɓallin, ba ka jin kowa.

Kujerar da ke bayansa ta yi ƙara.