Ƙasar Sawun Maniru

Ƙwas-ƙwas-ƙwas… ƙirrin!

Wannan ƙara muka ji daren Talata daga gidan tsohuwa Hajjo a Shagari, shekara biyu kafin Turawa su tafi. Ni da katangarmu ke haɗe da tasu na ɗauka wani tsuntsu ne mai baki na ƙarfe.

Da safe na leƙa. Ashe keken rubutu ne, ɗanta Maniru ya zo da shi daga Ingila. Shekara bakwai ya yi can, ya dawo ana ce masa dakta. Har guragu aka ɗauko masa daga Kajiji don ya yi musu magani, ya ce shi tsutsar albasa ya karanta.

Matarsa Safinatu na tsaye kansa.

"Malam, takardar mi ce ka kwana bugawa?"

"Jami'a ta Badun ke neman mai bincike, Safina. Shekara biyu kawai… Na amsa musu."

"Da mu za ka?"

"Ɗaki guda sunka ba ni. Kuma Inna ba ta gani, wa za ya riƙe ta?"

"Wadda ta riƙe ta shekara bakwai mana!"

"Hasken idona, madubin da ke nuna ƙwan tsutsar nan can kaɗai yake. In na gane maganinta, albasar ƙasar nan duk…"

"Albasa ta yi sa'a."

Ta shiga ɗaki, ta fito da wani ƙullin tsumma da ya yi baƙi. A wajenmu in mutum zai yi nisa, akan ɗebi ƙasar sawunsa a ajiye don ƙafarsa ta dawo da shi.

"Ga ƙasarka. Ƙarƙashin matashina take tun ranar da ka tahi. Na gaji, Malam… Wallahi ba fushi ba ne, gajiya ce. Wannan karon ban duƙawa!"

Ya riƙe ƙullin, hawaye na sauka kan keken. Na yi zaton zai yage takardar. Bai yage ba.

Ranar Asabar ya ɗora akwati bisa jaki zuwa Boɗinga, inda babbar mota ke tsayawa. Safinatu ta tsaya a ƙofa, hannuwa a harɗe, sawunsa kwance a gabanta.

Sai Hajjo ta rarrafo tana laluben ƙasa. Ta damƙi wani wuri tana murmushi. Sawun jakin ne.

Safinatu ta daɗe tana kallonta. Sannan ta durƙusa a hankali.

"Ba nan ba, Inna… kawo hannunki."

Ta ɗora tafin tsohuwar kan sawun Maniru, nata a bisa, suka ɗiba tare. Kuka ya ƙwace mata.

Altine maƙwabciyarsu ta ajiye tulu, ta dubi hanyar Boɗinga.

"Wai ni jama'a, karatun ga nashi, yaushe shika ƙarewa?"