Lamba 47

Shekara shida na yi a ƙasar waje ina karatun safiyo, wato awon ƙasa. Da na dawo, aka ba ni aikin kafa turakun layin dogo da zai ratsa bayan garin Kazaure. Ranar Talata da la'asar na rubuta 47 da jan fenti a jikin wata tsohuwar kuka. Washegari za a sare ta.

Bayan isha'i na tuna na bar littafin awona a gindinta, sai na koma a ƙafa. Na ɗauka, na juyo ina bin turakun da tocila. Turken gaba ya kamata ya nuna 46. Ya nuna 47. Na bayansa ma haka. Fitilun gari suna gabana, amma ba sa matsowa. Gyare ya yi shiru.

Wani tsoho na zaune a kan dutse. Na yi sallama, bai amsa ba.

"Jikan Ya Kura ne, ɗan boko?" Muryarsa kamar daga cikin kogo.

"Ni ne, Baba. Hanyar gari nake nema."

"Kai da ke zana wa jirgi hanya? Ni ma an ce gobe in tashi. Nuna mini inda zan koma, sai in nuna maka gida."

Ya miƙe, ya juya mini baya. Warin fenti ya buge ni. Jan rubutun 47 da ke bayan rigarsa bai gama bushewa ba. Ni kaɗai ne a wurin aikin nan ke yi wa bakwai ratsi a tsakiya, yadda aka koya mini a can.