Wayar Yaya Kizito

Ranar da Lubega ya fara ganin Nankya idanunta a kumbure suke, shi kuma bawan Allah ya ɗauka mura ce. Daga Kampala aka turo shi wani kamfanin gahawa a nan Masaka. Ana tsakiyar kaka, masu saye suna ta aiko da saƙo, amma da takwas ta yi sai kowace kwamfuta ta kasa haɗuwa da sabar imel, wato babbar na'urar da ke rarraba saƙonnin ofishin.

"Sannu da zuwa, likitan inji," in ji ta, ta ajiye masa shayi. "Kai ne na uku."

"Sauran biyun ma sun sha shayi?"

"Ruwa suka sha."

Ya bi igiyoyi, ya kashe sabar ya kunna, duk a banza. Sai rana ta biyu ya gani a rajistar sabar: wata na'ura tana ƙwanƙwasa wani akwatin imel da aka rufe, duk minti biyu. In ta yi sau goma, sai sabar ta ɗauka ɓarawo ne ta rufe wa ofishin ƙofa gaba ɗaya. Sunan mai akwatin Kizito.

A teburin Nankya ya sami na'urar, wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi tana caji.

"Ta yayana ce," ta ce a hankali. "Babur ya kaɗe shi ya rasu wata uku da suka wuce. Ba mu da wuta a gida, shi ya sa nake kawo ta. Kullum takan nuna tana neman shiga, Maama, mahaifiyarmu, ta duba ta ce Kizito ne yake nemanmu. Wasiƙunsa a nan kaɗai suka rage. Don Allah kar ka goge."

Bai goge komai ba. Ya hana wayar neman sabar, imel ya dawo. Da manaja Ssempijja ya tambaya, ya ce wata tsohuwar na'ura ce, an gama da ita.

Aikin kwana biyu ne, amma Lubega ya riƙa gano matsala a Masaka duk Juma'a. Mu dai ba mu taɓa ganin sabar da ke son a duba ta haka ba.

"Mukwano," in ji Lubega, haka muke kiran masoyi da Luganda, "kin ci abinci kuwa? Na san ki, sai shayi."

"Na ci, likita. Yau na yi dariya sau biyu, duk laifinka ne."

Ssempijja ya daɗe yana son Nankya. Da ya ga inda aka dosa, ya sa aka binciko masa rajistar, ya ɗauki buhun sukari ya tafi gaishe da Maama, ya faɗa mata abin da Lubega ya yi wa wayar. Da yamma saƙon Nankya ya shigo wa Lubega.

"Ashe ka faɗa wa manaja. Maama ta ce kai ka toshe bakin ɗanta. Kar ka ƙara nemana."

"Ban faɗa ba, Nankya. Amma ni na sa wayar ta yi shiru, wannan ba zan musa ba. Zan zo in faɗa mata da bakina."

Abin ya fi fushi nauyi. Maama ta ƙi a yi taron sallamar Kizito, a gidansu kuwa ba a biki sai an sallami mamaci. Ko hawaye ɗaya ba ta yi ba tun rasuwar. Nankya tana tsakani tana ramewa, ga kewar yayanta, ga son wanda uwarta ba ta son jin sunansa.

Ran Lahadi bayan coci Lubega ya iso gidansu, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Maama, ba Kizito ne yake nemanku ba, inji ne. Na so a ce shi ne."

"Ka zo ka ƙara kashe min shi ke nan?"

"A'a. Na zo in karanta miki abin da ya rubuta, in kin yarda."

Maama ba ta jin Turanci. Duk tsawon watannin nan rubutun take shafawa da yatsa. Ta tura masa kujera da ƙafa, ta miƙo wayar.

Wasiƙun aiki ne, buhu da awo da mota. Yana karantawa yana mayar mata da Luganda. A ɗaya Kizito yana roƙon kar a mayar wa wata tsohuwa gahawarta don ta jiƙe, shi zai shanya mata. A wata yana neman hutun kwana ɗaya zai kai mahaifiyarsa asibiti.

"Ce min ya yi ranar babu aiki," in ji Maama. "Maƙaryacin banza."

Lahadi tara yana zuwa. Tun a ta uku Nankya ta ji a ofis yadda manaja ya sami labarin, ta rubuta masa: "Ka yafe min, mukwano." A ta tara ya kai ƙarshe.

"Saura?" in ji Maama.

"Babu saura, Maama."

Kukan da ta yi ranar har maƙwabta suka shigo. Kafin wata ya ƙare aka yi taron sallamar Kizito.

Lahadin da ta biyo ya tarar da kujerarsa, amma tabarmar Maama babu kowa. Sai ya ji muryarta daga bayan labule.

"Sannu da zuwa, suruki."

A wajenmu uwa ba ta zama ido da ido da mijin 'yarta. Nankya ta toshe baki da hannu, hawaye na zuba. Lubega ya gane an ba shi ita, ya kuma gane zamansu da tsohuwar nan ya ƙare ke nan.

Bayan kaka aka ɗaura auren. Kafin a tafi da amarya Maama ta sa aka kira shi bakin labulen.

"Na so in ƙara ganin fuskarka, ɗana, amma gara in ba ka ita. Ku tafi. Allah ya sanyaya muku gida yadda ka sanyaya min zuciya, ya ba ku 'ya'yan da za su binne ku, ba ku binne su ba."

"Amin, Maama," suka ce tare.