Ɗigo Uku Na Dalma

Warin dalma ya cika falo, hayaƙi siriri yana tashi daga teburin cin abinci, wanda Auta ta mayar wurin aikinta tun farkon zango. Littattafai a gefe, mita a gefe, ƙananan resistoci a murfin kwano don kar su ɓace. Shekararta ta ƙarshe ke nan a sashen injiniyancin lantarki, kuma abin da ya rage tsakaninta da takardar gamawa shi ne wani ɗan allo mai faɗin tafin hannu: amfilifaya mai tiransista biyu, wadda ke ɗaukar ƙaramar murya ta ƙara mata ƙarfi.

"Kai! Wannan wari zai kashe mu a gidan nan," in ji Yaya, babban wanta, yana toshe hanci. "Shekara biyar ana karatu, ƙarshenta dai gyaran rediyo. Ashe shi ya sa aka zaɓo mana mai gyaran rediyo!"

"Yaya, don Allah ka bari—"

"In bar me? Injiniya guda, ki rasa wanda za ki kawo sai mai shago a bakin titi, wanda ko sakandare bai ƙarasa ba?"

Baba ya ajiye jarida. Mutum ne da ba ya maimaita magana, shi ya sa in ya buɗe baki kowa ke shiga taitayinsa.

"Na riga na yanke. Ta kawo min takardar gamawa, in ba shi aurenta. Amma ki ji da kyau, Auta: in yaron nan ya zama sanadin tuntuɓenki a karatu, ko sunansa kar in ƙara ji."

"In Allah ya yarda ba zai zama ba, Baba."

Har zuciyarta ta faɗa. Mai Rediyo, kamar yadda duk unguwa ke kiransa, shi ya koya mata riƙe ƙarfen liƙi ran da ta je sayen diyod a shagonsa tana aji biyu. Bai san lissafin da ake yi a jami'a ba, amma in ya kasa kunne a jikin lasifika sai ya gaya maka inda ciwon yake. Halinsa ɗaya kowa ya sani: abu ba ya barin teburinsa yana shaƙewa, ko da mai shi bai ce a gyara ba.

Ita kuwa amfilifayar Auta tana da 'yar shaƙewa. In an ƙure murya sai ta yi gwarangwarang kamar mai mura. Auta ta san dalili, ta auna, ta rubuta komai a rahotonta, har da yadda za a magance shi, don Dakta, malamin da ke duba aikinsu, ya sha gaya musu cewa ya fi son aiki mai aibi wanda ɗalibi ya fahimta.

Saura kwana biyu ta kare aikinta a gaban malamai, ta kai allon shagon Mai Rediyo.

"Oga, akwati kawai nake so ka huda min ka ɗaura shi a ciki. Ina da lakca, sai la'asar zan dawo."

"An gama, Injiniya!"

Da la'asar ta tarar da allon an ɗaure shi tsaf da kusoshi, ya goge shi har yana ƙyalli. Yana ta murmushi irin na wanda ya ɓoye kyauta. Ta ɗauka murnar ganinta ce.

Ranar kare aiki, a ɗakin gwaje-gwaje, Dakta ya jona amfilifayar ya ƙure murya. Sauti ya fito tas, babu ko ɗigon shaƙewa. Auta ta ƙura wa akwatin ido.

"A rahotonki kin ce tana shaƙewa," in ji Dakta. Ya ɗora tsinken mita a ƙafar tiransista ta biyu. "Kin rubuta bolt tara a nan. Mita ta ce shida. Wa ke ƙarya, ke ko mita?"

"Dakta, wallahi da na auna—"

"Kwance akwatin."

Ta kwance. Ya juya allon ya kara a hasken taga. Duk liƙin Auta tsibi-tsibi ne, irin na mai koyo. Amma a kusurwa akwai ɗigo uku sumul, masu sheƙi, liƙin hannun da ya shekara goma sha biyar yana yi. A bayansu kuma wata tsohuwar resista ce mai kaurin jiki da wata kafasita, irin waɗanda ake cirowa daga matattun rediyoyi. Ba a taɓa raba irinsu a sashen ba.

"Wa ya yi miki aikin nan?"

Ta sunkuyar da kai. 'Yan ajinsu suka zuba mata ido. Kunya ta rufe ta har ta ji da ma ƙasa ta tsage ta shige.

Daga nan shagon ta zarce, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Me ka taɓa?"

"Ai na ji tana shaƙewa ne, sai na canza—"

"Wa ya sa ka? Wa ya sa ka, don girman Allah? Akwati na ce!"

"Injiniya, ya zan bari ki shiga gaban mutane da abu yana gwarangwarang? So na yi ki fita kunya."

"To ka saka ni a cikinta! An ce satar aiki na yi. Maganar kora ake yi!"

Ƙarfen liƙin da ke hannunsa ya faɗi a kan tebur yana ƙona katako, bai ma lura ba.

A gida Yaya ya samu abin da yake nema. "Ban faɗa ba? Jahili ya shafa mata jahilcinsa!" Umma tana kuka a bakin ƙofar kicin. Baba ya dubi Auta.

"Kin tuna abin da na ce?"

"Baba, ba da mugunta ya yi ba—"

"Ban tambaye ki niyyarsa ba. Daga yau babu ke babu shi. Ko a waya."

Bayan mako biyu hukunci ya fito: ba a kore ta ba, amma za ta maimaita shekara guda cur, ta sake aikin daga farko. Ba wanda ya gaya mata abin da ya sassauta hukuncin, ita ma ba ta da ƙarfin tambaya.

Shekarar ta yi mata tsawo. 'Yan ajinsu suka sa rigunan gamawa suka yi hotuna, ita tana zaune a bayan aji cikin ɗaliban da a da take gaba da su, ana nuna ta da baki. Ta canza hanyar zuwa makaranta don kar ta bi ta gaban shagon. Tana jin haushinsa, tana kuma kewarsa, ta rasa wanne ya fi cin ta. Sau biyu Yaya yana kawo abokinsa mai aikin ofis ya zaunar a falo, sau biyu tana gaishe shi da ladabi ta koma ɗaki. Ta rame har Umma ta fara ɓoye mata madubi da wasa, wasan da ba wanda ya yi wa dariya. Amma ba ta kira Mai Rediyo ba ko sau ɗaya, shi ma bai kira ba.

Wannan karon a gaban Dakta ta yi komai. Ta yi lissafin kowace resista a kan allo, ta liƙa da hannunta, ta ƙona tiransista huɗu kafin ta biyar ta zauna daidai. Ranar da ta kare aikin, Dakta ya sa hannu a takardarta, sannan ya cire tabarau.

"Mutumin nan naki yana nan lafiya?"

"Wane mutum, Dakta?"

"Mai gyaran rediyo. Bara kwana uku ya yi yana tsaye a ƙofar ofishina. Ya shiga gaban kwamitin ladabtarwa ya ce shi ya yi, ba ki sani ba, in hukunci ne a kai shi ga 'yan sanda. Aka yi ta yi masa dariya, wani ma ya tambaye shi ko ya iya rubuta sunansa. Bai tafi ba sai da aka saurare shi. Ba don shi ba, da an kore ki."

A bakin matakala ta zauna ta yi kukan da ta shekara tana haɗiyewa.

Da yamma ta durƙusa ta ajiye takardar a gaban Baba, ta faɗa masa abin da Dakta ya ce, ba ta ƙara ko kalma ɗaya ta roƙo ba.

"Ai laifinsa ya wanke," in ji Yaya. "Shi ya ɓata, dole—"

"Yi min shiru!" Baba ya katse shi, sannan ya juya ga Auta. "Shekarar nan duka, kun yi magana?"

"A'a, Baba. Ka hana."

Baba ya daɗe yana kallon yadda wuyan 'yarsa ya zama siriri. Idonsa ya kawo ruwa, ya kau da kai.

"Kai," ya ce wa Yaya, "sa takalminka. Da ƙafarka za ka je shagon ka ce ina kiransa."

Mai Rediyo ya zo da rigar aikinsa, shi ma ya faɗa ƙwarai. Ya tsuguna a bakin ƙofa ya kasa ɗaga kai.

"Ka ci mata shekara guda," in ji Baba. "Ba ka da abin da za ka biya ta da shi, ni ma ba ni da shi. Na ba ka ita, don ka tsaya ka ɗauki laifinka ran da ya fi sauƙi ka ɓuya. Amma ka riƙe wannan har ka mutu: taimakon da aka yi wa mutum a bayan idonsa, ba tare da an tambaye shi ba, yana iya rusa shi fiye da ƙiyayya. Ke kuma, Auta, haƙurinki ne ya kawo shi ɗakin nan yau, ba maganar Dakta ba."

Mai Rediyo ya ɗago a hankali.

"Injiniya... kin yafe min?"

Ta share ido da bakin mayafinta.

"Na yafe. Amma daga yau, Oga, ka riƙa tambayata."