Kwalbar da ke Cikin Firjin Maimuna

Magariba ta kawo kai a Unguwar Mu'azu, Maimuna tana kwashe tuwo, sai dutse ya faɗo kan rufin kwano. Ta ɗauka yaran makwabta ne. Na biyun a cikin tukunyar miya ya faɗa, alhali ƙofar kicin a rufe take.

Maimuna ba mace ce mai saurin firgita ba. A wani kamfani take aiki can Kakuri, inda ake haɗa maganin saran maciji. Ana tatsar dafin kububuwa, a riƙa yi wa doki allurarsa kaɗan-kaɗan har jininsa ya samar da garkuwa, sannan a ɗebi jinin. Nata aikin shi ne tacewa, daga wannan na'ura zuwa waccan, tana fitar da duk abin da ba garkuwar ba, har ruwan ya koma garai-garai. Ba kwaɗayin albashi ya kai ta ba. Ɗanta Zakariyya'u ne ya je hutu ƙauye, kububuwa ta sare shi, asibitin kuwa ba magani. Tun daga nan take ajiye da kwalbar maganin guda a firji saboda Dije, 'yar da ta rage mata a duniya.

Jifa ya ci gaba kowace magariba. Daga baya Dije ta daina cin abinci, ta koma jan ciki a siminti, tana kwana gindin firji tana kuka da muryar tsohuwa. Da abin ya fi ƙarfin Maimuna, ta aika aka ɗauko Malam Shehu mai ruƙiyya daga Makera.

Malam ya daɗe yana karatu kafin yarinyar ta ɗago kai.

"Ke wace ce? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi min komai ba," in ji muryar. "Ɗana ya fito shan hantsi a siffar kububuwa, gindin tsamiyar bakin kogi. Mai kamun macizai ya cusa shi a buhu, ko sallama bai yi ba. Su uwarta suka tatse shi har ya mutu. A ba ni gawarsa."

Maimuna ta ce, "Ƙona su ake yi."

"To a ba ni dafinsa. Na biyo sawunsa har cikin firjin nan."

Da Maimuna ta yi ƙarya da an huta, amma ta kasa. "Babu dafi a ciki, baiwar Allah. Abin da jinin doki ya yi ne don ya tare shi. Ni na tace da hannuna."

"Ko ɗigo ba ki bari ba?"

"Ko ɗigo."

Wannan amsar ita ce abin alfaharin Maimuna a wurin aiki. Ranar kuwa da kunya ta faɗe ta. Muryar ta fashe da wani kuka mai tsawo, har Malam ya sunkuyar da kai.

"Ba da sani aka yi ba," in ji shi a hankali. "Ki ji tsoron Allah, ki sakar mata ɗiya."

"Zan fita. Amma a binne min kwalbar a gindin tsamiya. Ba shi ba ne, na sani. Sai dai ta dalilinsa aka yi ta, ni ma in sami wurin da zan riƙa zama."

Damina ce, macizai sun fito, kuma duk abin da suka tace asibitoci sun kwashe. Maimuna ta dubi 'yarta a ƙasa, ta buɗe firji, ta miƙa wa Malam kwalbar. Dije ta yi atishawa, ta buɗe ido ta ce, "Umma, yunwa."

Jifa bai sake faɗowa ba. Sai dai in magariba ta yi, Maimuna takan jiyo kuka can nesa wajen kogi. Ba ta rufe taga. Ta san kukan sarai, irinsa ta yi ranar da aka kira ta daga ƙauye.